Yadda Uwar Kaji Ta Sayi Shiru

Wata ce ta yi asarar 'yan tsaki ɗari shida cikin wata guda. Abin da ta samu a madadinsu shi ne dafaffen ƙwai ɗari shida, da ƙararrawa ɗaya, da ƙanin miji, shi kuwa dama can tana da shi, ba ƙaruwa ba ce. In ka tambaye ta, wani ne ya jawo mata. In ka tambayi wanin, sai ya sosa ƙeya ya ce shi dai abin da aka ce ya yi shi ya yi.

Matar nan mijinta ya rasu ya bar mata abu biyu. Na farko injin ƙyanƙyasar ƙwai, wanda ya haɗa da hannunsa daga tsohon firji. Fitila huɗu a ciki don ɗumi, da 'yar fanka, da kwanon ruwa a ƙasa, da ma'aunin zafi maƙale a jikin ƙofa. Ƙwai ɗari uku yake ci a zubi ɗaya. Bayan kwana ashirin da ɗaya a buɗe a kwashi 'yan tsaki, mata su zo da kwalaye su saya. Da shi take ci, da shi take sha, shi ya sa unguwa ke ce mata Uwar Kaji.

Na biyu kuwa ƙanin marigayin ne. Mutum ne da furfura a gemu, mai ladabi, bai taɓa musu da kowa ba. Duk abin da ka ce ya yi zai yi. Matsalar kawai, daidai yadda ka faɗa zai yi shi.

Injin nan yana da hali. Akwai wani ɗan abu a cikinsa da ke kashe fitilun da kansa in zafi ya kai, to wani lokaci sai ya maƙale. Marigayi ya san halin kayansa. Yakan zauna kan 'yar kujera, ido a kan ma'auni, da ya ga jan layi ya haura sai ya buɗe ƙofa, ya kashe fitila biyu, ya ɗan mari firjin a gefe, abu ya koma daidai. Da ya rasu, ƙaninsa ya gaji kujerar. Kujerar kawai ya gada. Idon ya tafi da mai shi.

Ita kuma Uwar Kaji akwai abin da take taƙama da shi. Tun da take ba ta taɓa biyan kuɗin farko da mai kaya ya faɗa ba, na biyu ma bai taɓa ganin hannunta ba. Karatunta bai wuce lambobi ba, amma duk lambar da ta gani a jikin kaya ta ɗauke ta zagi. Salon cinikinta ɗaya ne: in ta buɗe baki ba ta rufewa. Ta kushe kayan, ta kushe shagon, ta ba da tarihin marigayi, ta dawo ta kushe kayan, har mai kaya ya ce ɗauki don Allah.

Ran nan ta leƙa ɗakin injin ta tarar da gogan naka yana gyangyaɗi, jan layi ya kusa taɓa sama. Allah ya tsare ƙwan da ƙyar. Washegari da hantsi ta yafa mayafi ta nufi shagon mai kayan wuta, wani dattijo mai tabarau da aka ɗaure wa ƙafa da zare, kullum kansa a sunkuye kan rediyon wani.

"Malam, abin da zai yi ihu in zafi ya yi yawa nake nema."

Ya jawo 'yan akwatuna biyu, kowanne bai fi sabulun wanka girma ba. Ya sa na farko a wuta. Ƙiiiiiii, a miƙe, ba numfashi. Ya cire. Ya sa na biyu. Ƙit. Shiru. Ƙit. Shiru. Ƙit.

"Wannan ta biyun ba ta da lafiya," in ji Uwar Kaji.

"Lafiyarta lau. Ita ce ma mai tsada. Kuɗinta ya ninka na waccan."

"Mai shaƙuwar?"

"Ita fa."

Ta gyara tsayuwa. "Tsaya in gane. Wannan tana aiki ba hutu. Wannan kuma rabi aiki rabi zaman banza. Kuma ta zaman banzan ce mai tsada."

"Shirun nan shi ne aikin, Uwar Kaji. Kunne akwai saurin sabo. Duk ƙarar da ta miƙe ba ta canzawa, in ya ji ta ya ji ta, sai ya ture ta gefe ya kama wata sabgar. Amma wadda ke yankewa tana dawowa, duk dawowar da ta yi baƙuwa ce, ba ta barinsa ya saba. Kina jin fankar nan?"

"Wace fanka?"

Ya miƙa hannu ya kashe fankar da ke bisa kansu. Shago ya yi tsit.

"Tun shigowarki take kuka."

Maganar ta shige ta. Har ta tuna munsharin marigayi, wanda shekara da shekaru ba ta san ana yinsa ba sai da ya daina. Amma ba a shagon mutum ake nuna masa maganarsa ta shige ka ba.

"Fankarka ce ba ta da ƙarfi," ta ce. "Malam, ni za ka sayar wa shiru? Shiru tun da mai gidan ya tafi yake jibge a ɗakina, na rasa inda zan kai shi. In kana saye in aiko maka da buhu."

Ta tsaya kan mai ƙara a miƙe. Ta zuba masa magana tun hantsi har rana ta take tsaka. Ya rage, ya sake ragewa, ya ƙara ragewa, ya ɗora mata waya kyauta. Tana fita ya ce, "Sai kin dawo."

"In dawo in yi me? Na gama da kai."

Da yamma dattijon ya zo ya haɗa abar a jikin firji, ya sa mata makunni a bango. Ya ƙyasta ashana kusa da ita don gwaji. Ƙiiiiiii. Gogan ya yi tsalle daga kujera, hularsa ta faɗa kwanon ruwa.

"Ka ji ko?" in ji Uwar Kaji. "Da ka ji wannan, ka buɗe ƙofa, ka kashe fitila biyu, ka mari firjin."

"Ai matar Yaya, wannan ko gawa ta ji sai ta motsa."

Kwana biyu da zuba ƙwai, ta tafi sayo dusa. Gogan yana zaune. Sai kafinta da ke bayan katanga ya tayar da injin yankan katako, unguwa ta ɗauka. A tsakiyar wannan hayaniya ɗan abin nan ya maƙale, zafi ya hau, ƙararrawa ta kama aikinta, ba wanda ya ji farkonta. Da kafinta ya kashe injinsa, sai aka bar ƙiiiiiii ita kaɗai a ɗakin.

Gogan ya karkata kai. Ya sa ɗan yatsa a kunne ya girgiza. Tana nan.

"Kafintan nan sai ya kurmantar da mutane," ya ce.

Bai kawo ƙararrawa a ransa ba. Shi a saninsa ƙararrawa ita ce abin nan da ke sa mutum tsalle daga kujera, yanzu kuwa ga shi zaune daram.

Ya fita tsakar gida, ƙarar ta ragu. Ya dawo ɗaki, ta ƙaru. Ya fita ƙofar gida, ta ɓace. Sau uku ya gwada, don mutum ne mai bincike. Da ya tabbatar, ya ja ƙofar ɗakin ya rufe da kyau kada iska ta bugi ƙwai, ya nufi kemis.

"Kunnena ke kuka," ya ce wa mai kemis.

"Yanzu yana yi?"

Ya saurara. "Yanzu ya yi shiru. Ina jin baƙunta yake yi."

"To yaushe yake yi?"

"Sai na zauna wurin aiki. Da na fito sai ya bari."

"Wannan ciwon," in ji mai kemis, "rabin garin nan na fama da shi."

Ya ba shi maganin ɗigawa da ƙullin auduga. Gogan ya koma, yana buɗe ɗaki ciwo ya tashi. Ya ɗiga magani dama da hagu, ya cusa auduga har sai da ta ƙi shiga. Duniya ta yi lafiya. Ya sa wa mai kemis albarka, ya sa wa iyayensa. Ya jingina da firjin, ya ji wani ɗumi mai daɗi yana ratsa masa gadon baya. Barci ya yi gaba da shi.

A nan ya kamata a ce Uwar Kaji ta dawo, ta ji ƙara tun daga waje, ta jefar da dusa ta ruga. Ba haka aka yi ba. Tun daga ƙofar gida ta shigo da bakinta a buɗe, don ta tarar an bar ƙyaure a wangale. Ta ɗora da mai dusa da ya so ya cuce ta a awo. Ta shiga ɗakin injin, ta ga mutum yana barci, ta ɗora da wannan. Ya farka, ya ga bakinta yana motsi, ya riƙa gyaɗa kai a inda yake ganin ya dace. Ƙararrawa tana bisa kanta, tazarar hannu ɗaya, tana iya ƙoƙarinta. Haka suka yi wajen kwatan awa, ita da abar, kowa a miƙe, ba mai jin wani.

Sai aka ɗauke wuta.

Maganar ta tsinke mata a baki.

"Mene ne ya tsaya?"

Gogan ya zaro auduga. "Na'am?"

"Wani abu ya yi shiru."

Suka ɗaga kai tare suka dubi ɗan akwatin. Suka sauke kai tare suka dubi jan layi. Ya ƙure sama, da akwai hanya da ya fita. Sannan ƙamshin ya iso.

Ta buɗe firjin, tururi ya buge ta a fuska. Ta ɗauki ƙwai ɗaya, ta yi ta jefa shi daga hannu zuwa hannu, ta ƙwanƙwasa a bango, ta ɓare. Fari tas, ya dahu har ciki. Ta miƙa masa don ya ga aikinsa.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya duba. Ya ce, "Akwai gishiri?"

Mai shayin bakin titi ya ɗauki kiret huɗu bayan ta tsaya masa a ka. Maƙwabta suka samu rabonsu. Sauran kuwa, kwana huɗu gidan ba a ɗora tukunya ba.

Ta san dattijon nan ya yi gaskiya. Amma ta koma shagonsa, bayan ta ce ta gama da shi, ta biya ninki, wannan kuma ba da ita ba. Ta kwana biyu tana juya abin. A rana ta uku dabara ta zo mata, har ta yi wa kanta murmushi.

"Zo nan, ƙanin marigayi. Ka san abin da ya sa ba mu ji ƙararrawar nan ba?"

"Auduga."

"Ni audugar na sa? Don ba ta yin shiru ne. Ƙara ba a jin ta sai da shiru. Shirun shi ne aikin." Ta faɗe shi kamar a kanta aka fara saninsa. "To ga makunni nan a bango. Abin da tsohon nan ke so in biya ninki a kai, aikin ɗan yatsa ne. Ka kashe, ka kunna, ka kashe, ka kunna. Mu yi shirunmu a gida."

"Yaushe zan fara?"

"In ta fara ƙara."

"To yaya zan san ta fara?"

"In ka ji ta mana."

"Ai kin ce ba a jin ta sai da shiru."

 Uwar Kaji ta ji akwai rami a dabarar, amma ba a gaban ƙanin miji za ta leƙa shi ba.

"Kada ka kawo mini gardama a tsufanka. Shirun dai shi ne abin ji. Ka riƙe wannan."

"Na riƙe, matar Yaya."

Ya kuwa riƙe.

Ta tattara ƙwai ɗari uku, ta zuba. Kwana biyu tana gadi da kanta. A na uku aka aiko 'yarta ba ta jin daɗi, dole ta je dubiya. Ta ja masa kunne ta fita. Ba ta dawo ba sai bayan la'asar.

Wannan karon da bakinta a rufe ta shigo, tana sanɗa. Ba ƙara. Ta leƙa ɗakin. Ga gogan zaune a miƙe kamar an dasa shi, ba barci, ba auduga, ya kafa tafin hannu a bayan kunne, idanunsa har sun yi ja. Ta ji daɗi ya kama ta. Har ta fara tunanin ashe mutum yana gyaruwa da girma.

"Sannu da aiki. Me kake yi haka?"

Ya ɗora yatsa a baki. "Saurare nake."

"Me kake saurare?"

"Shirun. Kina fita na kashe ta, don kada ƙara ta taso ta hana ni ji. Wallahi matar Yaya gaskiyarki. Ban taɓa jin abu tar haka ba. Ko motsi ban yi ba tun safe, ko ɗigo bai wuce ni ba."

Ta dubi makunni. Ta dubi jan layi. Ta shaƙi iska.

Waɗannan ma sun fi na farko dahuwa, don sun samu lokaci. Bai tambayi gishiri ba. Ita ce ta je ta ɗauko ta dire masa.

Mai shayi yana hango ta da kiret a ka ya ce masu shan shayinsa duk likita ya hana su ƙwai. Maƙwabta suka fara rufe ƙofa in sun ji takunta. Matan da ke zuwa da kwalaye kuwa, sau biyu ke nan suna komawa da kwali ba komai, har sun fara tambayar hanyar wani mai ƙyanƙyasa a can gaba. Ƙwai ɗari uku suka rage mata, na kajinta, waɗanda ta tara ɗaya bayan ɗaya. In waɗannan suka dahu, firjin marigayi sai wajen masu sayen tsohon ƙarfe.

Da safe ta sa gogan ya kwance ƙararrawar, ya riƙo ta a hannu, suka nufi shagon. Dattijon yana sunkuye yana liƙin waya da dalma.

"Ba dawowa na yi ba," ta ce. "Wucewa nake."

"Sannu da wucewa."

"Ƙara ina da ita, ga ta nan, lafiyayya, ba ta taɓa fashin aiki ba. Shirun kawai za ka ciro daga waccan ka liƙa mini a wannan. Nawa ne shirun shi kaɗai?"

"Ba a raba su, Uwar Kaji. Tare suke zuwa."

"Komai rabawa ake yi. Kaza ma ana sayar da ƙafa daban."

"Wannan ba kaza ba ce. Kuɗinta yana nan yadda na faɗa."

To nan ta ajiye jaka, ta gyara mayafi, ta buɗe. Ta fara da cewa abar ba ta kai girman sabulu ba. Ta ce launinta ma ya koɗe. Ta ce shagon duhu gare shi, da gangan, don kada a ga aibin kaya. Ta kawo marigayi, yadda ya haɗa inji da tsohon firji bai nemi shirun kowa ba. Ta kawo tsadar dusa. Ta kawo ƙwai ɗari shida ta jera su ɗaya ɗaya a wuyan dattijon. Ta koma kan sabulu. Wani ya zo karɓar rediyo, ya karɓa ya tafi. Wata ta zo sayen fitila, ta saya ta tafi. Inuwar ƙofa ta janye daga benci ta koma ƙarƙashin tebur. Dattijo yana ta liƙinsa. Gogan yana tsaye rungume da ƙararrawa, idonsa a rabin rufe.

Ana cikin haka hayaƙin dalma ya shige mata maƙogwaro. Tari ya turnuƙe ta. Magana ta yanke.

Dattijon ya ɗago kai da sauri.

"Na'am? Magana kike?"

Ta dube shi, hawayen tari a idonta. "Tun hantsi nake magana."

"Allah ya ba ki haƙuri. Na ji farkon."

"Farkon."

"Wajen sabulu."

Ta dafa tebur. "To wancan karon fa, da na matsa maka har ka rage sau uku?"

"Rana na ga ta yi, ina jin yunwa. Duk sanda na ɗago na gan ki tsaye sai in rage, ko za ki tafi."

Shekara talatin tana taƙama da bakin nan. Ta juya wajen ƙanin mijinta, ko zai ce wani abu a madadin gida.

Ya kuwa ce. "Haka Yaya ma yake faɗa, Allah ya jiƙansa. Ya ce shi bai sanin kina faɗa sai kin tsaya shan ruwa."

"Kai kuma wa ya sa da kai?"

"Ke kika dube ni."

Dattijon ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya jawo mai shaƙuwar ya ajiye a gabanta.

"Ga ciniki. Ki bar mini tsohuwar, ki ɗauki wannan. Ciko kuma ba na son kuɗinki. Ki zauna kan bencin nan ki yi shiru minti goma, in ji da kunnena, in samu abin ba jikokina labari."

Gogan ya matso ya rage murya. "Matar Yaya, ki biya kuɗin. Ya fi sauƙi."

Uwar Kaji ta auna. Ga abu kyauta, ita kuwa ba ta taɓa wuce kyauta ba. Amma goma shi ne kuɗin farko, kuma ko da mene ne ake biya, kuɗin farko kuɗin farko ne.

"Goma? A kan abin da bai kai sabulu ba? Ka ji tsoron Allah, Malam. Ɗaya."

"Tara."

"Marigayi da ya aure ni bai samu tara a jere ba. Ɗaya da rabi."

"Takwas. Na yi miki ragi don zumunci."

"Wane zumunci? Ka san abin da minti takwas ke ci wa mace irina? Biyu, kuma in na yi tari ba a sake lissafi."

"Shida. Ƙasa da haka na faɗi."

"Ka faɗi me? Sarinsa ka yi?"

Masu shagunan gefe suka fara leƙowa. Wani ya ce shi zai riƙe agogo. Wani ya ce agogo ɗaya ba zai isa shaida ba, ya kwance nasa. Uwar Kaji ta ɗauki jakarta, ta yi irin tafiyar nan tata ta mai fushi, wadda ake yi a hankali don a kira mutum. Taku ɗaya. Taku biyu. Taku biyar. Ba a kira ta ba. Ta waiga ta wutsiyar ido, dattijo ya mayar da tabarau ya koma kan dalmarsa.

Gogan ya biyo ta, har yanzu da ƙararrawa a ƙirji.

"Matar Yaya, ƙwan nan fa su ke nan. Kuma ni wallahi na ƙoshi."

Ta tsaya a bakin titi. Ta tuna firjin, da 'yar kujera, da kwalayen matan nan. Ta juyo. Ta dawo har gaban tebur, ta tsaya, ba ta ce uffan ba. Dattijon ya ɗago nan take.

"Huɗu," ya ce, tun ba ta tambaya ba.

Ta ci gaba da kallonsa.

"To, uku. Uwar Kaji, ko a wajen mai yin ta ba za ki samu haka ba."

Ta karɓe tsohuwar daga hannun gogan ta dire a kan tebur. Ta ɗauki sabuwar, ta juya ta gaba da baya, ta ƙulle a bakin mayafi. Ta kakkaɓe benci ta zauna. Masu agogo suka matso.

"Uku na yarda," ta ce. "Amma a yanke zan biya. Shiru minti ɗaya sai in yi magana, shiru minti ɗaya sai in yi magana. Kai da bakinka ka ce da haka aka fi ji."